Wai gajiyar likita tana iya kashe majinyaci? Ga abin da masu bincike suka gano

Bara da damina na yi jinyar kawuna kwana tara a wani asibiti nan Zariya, sunan asibitin ba shi ne maganar ba don haka mu bar shi. Abin da ya tsaya min a rai wata likita ce, 'yar yarinya haka, da ganinta ka san ba ta daɗe da gama makaranta ba. Ranar Talata da safe na gan ta tana bin bayan manyanta a rawun, wato zagayen duba marasa lafiya, rungume da foldoji, bayan isha'i na sake ganinta tana laluben jijiya a hannun wani tsoho, nas na haska mata da tocilan ɗin waya don an ɗauke wuta kuma janareta ya ƙi tashi, da asubahin Laraba na fito alwala sai ga ta a kan bencin masu jinya ta jingina kai da bango, kayan jiya ne a jikinta. Wajen goma na safe ta iso gadonmu. Na ce likita don Allah wannan maganin da na gani a takarda, ai jiya babban likita ya ce a dakatar da shi saboda ƙodar Kawu. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce "Malam, kai ne likitan ko ni?" Raina ya ɓaci sosai amma na haɗiye. Ba a yi minti biyar ba sai ga ta ta dawo, ta buɗe folda, ta yi shiru, ta ja layi a kan maganin, ta ce "Baba sannu, ya jikin?" ta wuce abinta. Ni kam ko kallo ban ishe ta ba.

Da na ba da labarin a majalisarmu ta Tudun Wada sai aka rabu gida biyu, kamar dai yadda ake yi a Facebook duk sanda irin wannan magana ta taso. Wasu suka ce ai ka san su, ba imani, an ba yara farar riga sun ɗauka sun fi kowa. Wasu suka ce haba ku ji tsoron Allah, wadda ta kwana ta wuni ba ta runtsa ba me kuke so ta yi muku. Ni kuma abin da ke cina daban ne, da ban buɗe baki ba fa? Shi ya sa na duƙufa karatu a kan abin, sai na tarar an fi shekara 40 ana bincikensa, kuma amsar ba ta yi wa kowane ɓangare na majalisar daɗi ɗari bisa ɗari ba.

Gajiyar ma kala biyu ce. Akwai ta jiki wadda barci ke maganinta, akwai kuma wadda su ma'aikatan asibiti ke kira banawut, wato aiki ya tsotse mutum ya bar shi kamar raken da aka gama sha. Wani masanin halayyar ɗan Adam a New York mai suna Herbert Freudenberger ne ya fara rubutu a kanta a 1974, yana aikin sa kai a wani asibitin kyauta, sai ya lura mutanen da suka zo da zumuɗin taimako kafin shekara ta zagayo sun koma masu saurin fushi da ƙosawa da kowa. A 1981 Christina Maslach da abokiyar aikinta suka fitar da ma'aunin tambayoyi 22 da har yau shi aka fi amfani da shi, suka ce abin fuska uku gare shi. Ƙarfin zuciya ya ƙare, tun kafin ka shiga wod ka gaji. Ka riƙa jin duk wahalar da kake ba ta tsinana komai. Sai ta ukun wadda ita ce ta fi shafar mu masu jinya, mutum ya daina ganin majinyaci a matsayin ɗan Adam, Alhaji wane ya koma "gado na shida" ko "mai ƙodar nan". Toh ka ga wannan fa shi ne abin da muke kira rashin imani, su kuma masu bincike suna lissafa shi cikin alamomin tsotsewar. Ban ce kowane mai baƙar magana a asibiti gajiya ce ta sa shi ba, wani ko hutun wata uku ka ba shi haka zai dawo, halinsa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta saka abin a kundinta a 2019 cewa ta yi ba cuta ba ce, matsala ce da ke fitowa daga wurin aiki.

Maganar barci ita aka fara yi wa doka. A watan Maris na 1984 wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a New York sa'o'i kaɗan bayan an kwantar da ita, an yi mata allurar da ba ta jituwa da maganin damuwa da take sha, kuma waɗanda ke kanta a daren ƙananan likitoci ne masu neman ƙwarewa da ke dogon kol, wato aikin kwana a asibiti, da marasa lafiya jibge a wuyansu. Mahaifinta lauya ne kuma ɗan jarida, bai bar maganar ta kwanta ba, a 1989 jihar ta ƙayyade musu awa 80 a mako, a 2003 duk Amurka ta bi. A lura fa, awa 80 ita ce ragin da aka yi. A 2004 masu bincike na jami'ar Harvard ƙarƙashin Christopher Landrigan suka zuba likitoci masu sa ido a ɗakin kula da marasa lafiya masu tsanani, suna bin sababbin likitoci dare da rana suna rubuta kuskure, suka ga idan suna kan tsohon tsari na kol mai awa 24 ko fiye manyan kurakuransu sun fi yawa da kusan kashi 36 cikin 100. Tun 1997 ma wasu a Ostareliya sun auna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, haɗin kan ido da hannunsa ya yi daidai da na mai giya 0.05 cikin 100 a jini, wanda ya kai awa 24 kuwa kamar 0.10, matakin da a ƙasashe da yawa ɗan sanda ya kama ka kana tuƙi sai kotu. Direban da ya kwana a hanya daga Legas ba ma yarda ya ɗauko mu daga Kwangila zuwa Kano, amma muna miƙa hannu a sa mana ruwa.

Har nan dai mutanen majalisa masu kare likita za su ce ai ga shi nan. Amma sai bincike ya yi kwana. A 2016 aka fitar da wani babban gwaji a Amurka da ya haɗa shirye-shiryen horar da likitocin tiyata 117, wasu aka tsaurara musu dokar awanni wasu aka sassauta, aka duba mutuwa da manyan matsaloli bayan tiyata, babu wani bambanci. Wanda ya fi ba ni mamaki na 2020 ne, shi dai Landrigan ɗin da mutanensa suka maimaita gwajin rage tsawon kol a ɗakunan yara masu tsananin ciwo guda shida, sai kurakurai suka ƙaru maimakon su ragu. Da aka tona sai aka ga dalili, an rage wa likita awanni amma ba a ƙaro likitoci ba, don haka wanda ke bakin aiki yaran da ke hannunsa sun ƙaru, ga kuma yawan miƙa aiki daga hannu zuwa hannu, kuma duk inda aka yi handoba akwai abin da ke zubewa a hanya. Irin abin da ya faru da maganin Kawu kenan, babba ya faɗa da baki a rawun, bai shiga takarda yadda ya kamata ba, wadda ta zo da safe kuma kanta ya riga ya cika.

A nan ne na fara gane cewa tambayar da ta fi "awa nawa ya yi" nauyi ita ce "mutum nawa ne a kansa". Kuma hujjar da ta fi ƙarfi a nan daga wajen nas-nas ta fito, mutanen da ba a cika tunawa da su ba idan ana wannan muhawara alhali su ke kwana da majinyaci. Linda Aiken ta duba asibitoci 168 a jihar Pennsylvania, marasa lafiya sama da 230,000 da aka yi wa tiyata, ta wallafa a 2002 cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take da su, yiwuwar mutuwar majinyaci cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7, yiwuwar ita nas ɗin ta tsotse kuma na ƙaruwa da kashi 23. Abu ɗaya ne ke cin su biyun. A 2014 ta maimaita a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, kashi 7 ɗin ya sake fitowa. Jihar Queensland ta Ostareliya ta gwada abin a aikace a 2016, ta ce nas ɗaya majinyata huɗu da rana, bakwai da dare, da aka auna daga baya mutuwa ta ragu, dawowa asibiti ya ragu, kuɗin da aka yi tsimi ya ninka abin da aka kashe wajen ɗaukar ƙarin ma'aikata. Su fa a can ana gardama ne tsakanin huɗu da takwas. Ƙanwata nas ce a wani asibitin, da na karanta mata wannan a waya dariya ta yi ta ce "Yaya, ni daren jiya mu biyu ne a wod ɗin gaba ɗaya, kuma gado ko ɗaya babu wanda ba kowa."

A watan Maris na 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitocin da ke da lasisi a ƙasar nan kusan 55,000 ne, ga mutane sama da miliyan 200, kuma kimanin 16,000 sun fice ƙasashen waje cikin shekara biyar, waɗanda suka rage ma kaso mai tsoka na Legas da Abuja. Mu nan Zariya a lissafin Arewa muna cikin masu gata, ga asibitin koyarwa na jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Wusasa, amma gatan ne ke jawo mana jama'a daga Katsina da Zamfara da Neja da ƙauyukan da ba su da ko nas ɗaya. Duk likitan da ya tafi Saudiyya ko Ingila kol ɗinsa ba ya bin sa, ana raba wa waɗanda suka rage ne, su ma su gaji su fara cika fom. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa a 2025 ta umarci mambobinta kada su wuce awa 24 a jere a kol, ni ina ganin sun yi daidai, amma darasin gwajin 2020 na nan yana jiranmu, in ba a ƙaro hannu ba an sauke kaya daga kan jaki ne an ɗora wa ɗan'uwansa.

Yanzu ga inda nake so masu yawan ɗora alƙaluma su yi hattara. Za ka ga ana yaɗa cewa likitan da ya tsotse yana ninka kuskure sau biyu, kuma akwai tushe, wani nazari a mujallar BMJ a 2022 ya tattara bincike 170 da likitoci kusan 240,000 ya sami haka, har da cewa sun fi niyyar barin aiki sau uku. Sai dai yawancin binciken tambayar likitan aka yi, shin ka yi kuskure a 'yan watannin nan? Mutumin da zuciyarsa ta riga ta karye ya fi ganin laifin kansa, ya fi tuna kuskure, kuma ana iya cewa kuskuren ne ma ya jefa shi cikin halin, kaza ce ta fara ko ƙwai. Sannan su kansu masanan ba su daidaita a kan ma'auni ba, wani nazari a mujallar JAMA a 2018 ya duba bincike 182 ya tarar da ma'anoni 142 daban-daban, adadin masu matsalar kuma daga sifili har kashi 80.5. Don haka in ka ga an rubuta kashi kaza na likitoci sun tsotse, ka tambaya da wane mudu aka auna.

Binciken da ya fi tsaya min ƙarami ne, na 2008, likitocin yara 123 masu neman ƙwarewa a asibitoci uku na Amurka. Ba a tsaya ga abin da suka faɗa ba, an sa mutane suna bin takardun magani suna ƙirga kuskure. Kashi 74 sun tsotse, amma kurakuransu ba su fi na sauran ba. Kashi 20 kuma suna da ciwon damuwa na gaske, wanda likitan ƙwaƙwalwa zai kira cuta, su kuwa kuskurensu wajen rubuta magani ya ninka na sauran sau 6. Mutum 123 ba yawa ba ne, ba a gina gida a kansa shi kaɗai, amma ya nuna inda ya kamata a haska fitila. Kuma ciwon ba ƙarami ba ne a cikinsu, a 2015 an tattara bincike 54 aka ga kusan kashi 29 na likitoci masu neman ƙwarewa na da shi ko alamominsa. Wani bincike na 2010 ya bi sababbin likitoci 740 tun kafin su fara aiki, masu alamun damuwa ba su kai kashi 4 ba, da suka shiga shekarar farko ta aiki suka haura kashi 25. Ma'ana lafiyarsu lau suka zo.

Toh a nan wa likita zai je ya gaya wa? Likitan ƙwaƙwalwar da zai gani malaminsa ne ko abokin karatunsa, katin da zai yanka ma'aikacin da ke gaishe shi kullum ne zai ajiye, gari kuma ƙarami ne, kafin la'asar maganar ta kai Samaru. A gida in ya ce ba ya iya barci, ba ya jin daɗin komai, sai a ce kai da Allah ya rufa wa asiri, ka yawaita istigfari. Addu'a kam ba wanda ya raina ta, amma mai hawan jini ma yana addu'a kuma yana shan maganinsa. Ƙari a kan haka dokokin laifuka da muka gada, har da finalkod na Arewa, sun ɗauki yunƙurin kashe kai laifi ne mai hukuncin ɗauri har shekara ɗaya, wa zai fito ya ce ga abin da ke raina. A Amurka ma sai da wata likitar sashen gaggawa a New York, Lorna Breen, ta kashe kanta a watan Afrilun 2020 lokacin korona, danginta suka ce tsoron rasa lasisi ne ya dame ta bayan ta nemi taimako, sannan aka yi doka da sunanta a 2022.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan kuskure. Wani likita Albert Wu a 2000 ya kira ma'aikacin da kuskure ya faru a hannunsa wanda abin ya shafa na biyu, iyalai da dama ba sa son sunan kuma ina fahimtarsu, wanda ya binne ɗa ba a haɗa shi da kowa. Misalin da ya girgiza likitocin duniya na 'yar asalin ƙasar nan ce, Dakta Hadiza Bawa-Garba. A watan Fabrairun 2011 wani yaro ɗan shekara shida ya rasu a asibitin Leicester a Ingila, ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa kuma an yi jinkirin ganewa da ba shi magani. Ita ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, ana ƙarancin ma'aikata a ranar, tana riƙe da aikin fiye da mutum ɗaya, kwamfutar da ke kawo sakamakon gwaji ta tsaya na awanni. Ta yi kurakurai, ba wanda ya musa. A 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci ta yi mata ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka, a Janairun 2018 aka soke sunanta daga rajistar likitoci, a Agustan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita. Abin da likitoci suka riƙa tambaya shi ne, in tsari ya ruɓe ta ko'ina aka kama mutum ɗaya, gobe wa zai sake cewa na yi kuskure?

Wannan tambayar ma an bincike ta. Amy Edmondson ta Harvard a shekarun 1990 ta je tana zaton wod ɗin da ke da shugabanci mai kyau zai fi ƙarancin kuskuren magani, sai ta ga su ne suka fi yawa a rubuce. Ashe ba sun fi yi ba ne, sun fi faɗa, don ba a cin mutuncin wanda ya faɗa. Mu kuma tarbiyyarmu ta girmama na gaba, wadda abu ne mai kyau a zaure, a wod tana iya zama haɗari. Ƙaramin likita ya ga kwansoltan, wato babban likita, ya rubuta abin da bai yi ba, sai dai "to ranka ya daɗe", nas ta ga likita ya zarce ma'auni ta yi shiru don kada a ce ta yi rashin kunya. A Isra'ila a 2015 an gwada tawagogi 24 na masu kula da jarirai da 'yar tsana, wasu aka sa wani baƙon ƙwararre ya yi musu 'yar baƙar magana kafin su fara, waɗanda aka yi wa suka fi kasa gano ciwon da yin aikin daidai. Tsawa ɗaya a rawun, majinyaci ne ke biyan kuɗinta. Mu masu jinya da ke zuwa da hayaniya da "kin san ko ni wane ne" mu ma muna cikin lissafin.

In aka zo ɓangaren masu taɓin ƙwaƙwalwa kuwa komai ninkuwa yake. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba. Dokar da aka yi ta amfani da ita ta 1958 ce, mai tushe tun 1916 zamanin Turawa, wadda damuwarta a tsare mahaukaci ne kawai, sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa mai maganar haƙƙin majinyaci da yardarsa. Binciken Farfesa Oye Gureje na Ibadan da ya fito a 2006 ya nuna cikin masu ciwon mai tsanani ko ɗaya cikin goma bai samu magani ba. Ɗan Zariya in abin ya kama ɗansa zaɓinsa Shika ne ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, amma kafin ya kai can yawanci ya bi ta wajen ruƙiyya da mai magani, wani ma gidan mari, kuma ba mu manta da Rigasa ba a Satumbar 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa. Haɗarin da ke kan irin wannan majinyaci daban ne. Ya ce ƙirjinsa na ciwo a ce ciwon nasa ne ya motsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu tsananin ciwon ƙwaƙwalwa na riga sauran mutane mutuwa da shekara 10 zuwa 20, yawanci da cututtukan jiki da ake iya magancewa. Inda ma'aikata suka yi kaɗan kuma suka tsorata, ɗauri da allurar barci su ke maye gurbin zama a yi magana. A Ingila sun gano makon farko da na biyu bayan sallama su ne mafi haɗarin kashe kai, shi ya sa suka ce a waiwayi majinyaci cikin awa 72, mu nan takardar dawowa bayan wata ake ba shi in ma akwai kuɗin mota. Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa gwajin da su Gureje suka yi a Ibadan da Kumasi ta Ghana, aka wallafa a mujallar Lancet a 2020, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke zuwa wajen masu maganin gargajiya da na addini suna duba majinyata tare, waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Malaman ruƙiyya dai ba inda za su, gara a san yadda za a yi aiki da su.

Maganin tsotsewar fa? An gwada bita da koyar da numfashi da natsuwa, suna ɗan taimakawa, wani nazari a Lancet a 2016 ya ga duk dabarun a haɗe sun sauko da adadin daga kashi 54 zuwa 44, wani na 2017 kuma ya nuna gyaran da ya taɓa tsarin aiki ya fi wanda ya tsaya kan mutum tasiri. Ka tara mutanen da ke bin albashi ka koya musu haƙuri a ɗakin taro da ruwan roba da mitfai, ni dai ban ga inda za a je ba. Amma ba komai ne sai an jira Abuja ba. A 2014 asibitoci tara a Amurka da Kanada sun koya wa likitoci tsayayyen tsarin handoba, wane ne ya fi jin jiki, me aka yi, me ya rage, in kaza ya faru a yi kaza, sannan mai karɓa ya maimaita da bakinsa, kurakurai suka ragu da kashi 23, waɗanda suka cutar da majinyaci kuma ana iya kauce musu suka ragu da kashi 30, kuma lokacin handobar bai ƙaru ba. Biro da takarda ne kawai.

Sai wanda ya fi dacewa da mu. A 2018 an gwada a asibitocin yara bakwai cewa a riƙa yin rawun tare da iyaye, a fara jin ta bakinsu, a yi bayani ba da turancin likita ba, a bar musu takaitaccen rubutu, kurakurai masu cutarwa suka ragu da kusan kashi 38. A Ingila daga 2024 sun fara ba iyali damar kiran wata tawaga daban ta sake duba majinyaci in suna ganin yana lalacewa ba a saurare su ba, bayan rasuwar wata yarinya Martha Mills a 2021. Su sai da suka yi dabara kafin su kawo dangi bakin gado. Mu kuwa mai jinya na nan awa 24 a kan tabarma, shi ke sayo magani, shi ke kai jini lab, shi ya san ko Baba ya yi fitsari tun jiya, amma da an ce rawun sai a ce masu jinya a fita waje. Tun daga ranar Larabar nan na sayi ƙaramin littafi na naira ɗari biyu, duk abin da babban likita ya faɗa in na samu na ji sai in rubuta da rana da lokaci, in zan yi magana kuma na daina cewa ai an ce, sai in ce likita don Allah duba min nan ko na rubuta daidai.

Ranar da aka sallame mu ita ce dai a bakin aiki, ta zo da takardar sallama tana hamma tana rufe baki da bayan hannu. Na ce likita yaushe rabonki da barci? Ta yi 'yar dariya ba ta amsa ba, ta karɓi littafin nawa ta duba shafin ƙarshe, ta ciro biro ta gyara min sunan wani magani da na rubuta ba daidai ba, ta ce "Wancan na farkon in akwai saura a gida kada Baba ya sha, ku dawo da gwajin ƙoda bayan sati biyu." Kafin in ce na gode an kira ta daga can ƙarshen wod.